Baƙin Kaka a Fadamar Rima: Roƙona ga Masu Ɗaukar Hoton Tsuntsaye

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan tsuntsaye. Na san wani zai ce ana fama da tsadar hatsi da 'yan bindiga, wa ke ta tsuntsu. Ban ga laifinsa ba. Sai dai ni tsohon malamin gona ne, ƙuruciyata da ƙarfina duk a fadamar Rima suka ƙare, tsakanin Wamakko da Kware da Wurno, kuma wanda ya daɗe a fadama ya san tsuntsu ba abin banza ba ne. A 'yan shekarun nan na ga samarinmu, har da 'yan mata ɗalibai, sun fara fita da waya da kyamara suna kallon tsuntsaye suna ɗaukar hotonsu. Abin ya faranta mini rai ƙwarai. Shi ya sa nake so a gyara shi tun munanan halaye ba su zauna masa ba, domin wasu abubuwan da ake yi don a sami hoto mai kyau cuta ce tsagwaronta, kuma mafi yawan masu yi ba su san cuta suke yi ba.

Kowa a ƙasar Sakkwato ya san shamuwa. Gab da faɗuwar damina take zuwa, ta yi sheƙa a kan itacen tsakiyar gari, ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta bisa kawunan mutane, ba mai jifarta, domin iyayenmu sun ce da ruwa take tafe. Kafin a gama girbin gero da dawa sai ka wayi gari ka ga sheƙa wayam. Ta yi kudu, har gabashi da kudancin Afirka, tana bin damina da fara. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, a daidai lokacin da take fita ta kudu wasu baƙin na shigo mana ta arewa. Daga Satumba zuwa Nuwamba, kafin hunturu ya kankama, duk inda ruwa ya kwanta a fadama za ka same shi cike da tsuntsayen da ba ka gani ba tsawon damina. Ga ƙananan agwagin daji masu tashi garke-garke. Ga masu dogayen ƙafafu da ke tsaga laka da baki, ko suna tsintar zubabbiyar shinkafa a gonar da aka yanke. Ga tsattsewa mai jan maƙogwaro da jela mai reshe biyu, da wata kurciya mai zanen baƙi da fari a gefen wuya, da ɗan ƙaramin nan mai rawayan ciki wanda ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa.

Duk waɗannan a Turai da ƙasar Rasha aka ƙyanƙyashe su. Masana sun ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye kaɗai, ban da agwagi da manyan na ruwa, kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa Afirka kowace kaka. Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa da sanyi ba. A shekarar 1822 aka harbo wani babban farin tsuntsu, ɗan'uwan shamuwa, a arewacin Jamus, aka same shi da mashi irin na Afirka tsire a wuyansa. Da wannan mashin ya yi tafiyar dubban kilomita ya koma gida. Har yau yana ajiye a jami'ar birnin Rostock.

Malam Edita, ina so masu karatu su tsaya su yi tunanin abin da ke tsakaninmu da Turai. Akwai Bahar Rum, sannan akwai Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000. Ɗan tsuntsun nan mai bin shanu nauyinsa bai wuce giram 20 ba, sai an haɗa uku za su yi nauyin ƙwan kaza ɗaya. Ba ya ɗauke da guzuri sai kitsen jikinsa. Kafin tafiya yakan ci ya tara kitse, wasu ƙananan ma har ninka nauyinsu suke yi. Yawancinsu da dare suke tafiya, da rana su laɓe a inuwar dutse ko ta wata 'yar ƙaya, ba ci ba sha. In kitse ya ƙare, jiki ya koma cin tsokarsa. Da yawa ba sa fitowa. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana, ciyawa da ruwan farko da za su tarar su ne na wannan zirin da muke ciki, daga kogin Senegal zuwa tafkin Chadi, kuma fadamar Rima da tafkin Kware da dam ɗin Goronyo na cikinsa. Mu ne masaukin farko. Ko cikin mutane, baƙon da ya iso a galabaice ba a tashinsa daga kan akushi don a ga irin tafiyarsa.

In wani na shakkar cewa abin da ke faruwa a fadamarmu na taɓa su, ya tambayi tarihi. Farin da dattawanmu ke tunawa da shi na 1973 tun wajen 1968 ya faro. A bazarar Turai ta 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda a da ya cika musu shingaye, ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara ɗaya tak. Da aka bi sawu, aka gano a nan yankin Sahel ya halaka, ya fito daga hamada bai sami ɗanyen ganye ko ƙwaro ba. Farin da ya kashe mana shanu shi ya kashe musu tsuntsaye. Yanzu kuma ko ba fari, masaukin nasu ƙara ƙuntata yake yi. Wanda ya san tafkin Kalmalo na wajen Illela a da, ya je ya gan shi yau. Kududdufai da dama da na sani ina saurayi sun zama gonaki ko filotai.

To a cikin wannan hali ne ake zuwa ɗaukar hoto. Wata safiya cikin kakar bara ina zaune a gindin gawo a fadamar Kwalkwalawa, kusa da hanyar jami'a, ina kallon wani garke na masu dogayen ƙafafun nan a wata gonar shinkafa da aka yanke ruwa ya kwanta a ciki. Da ganinsu ka san ba su daɗe da sauka ba. Kai a ƙasa kawai, ba mai ɗagowa, suna ci kamar ba gobe. Sai ga wasu samari biyu a kan babur, ɗaya rataye da kyamara mai dogon baki. Suka yi mini sallama cikin ladabi, suka tsaya suka ɗauki 'yan hotuna. Can sai mai kyamarar ya kira wani yaro mai kiwon awaki ya ba shi kuɗi, ya ce ya zagaya ta baya ya jefa hoge. Yaro ya jefa, garke ya tashi fuu, ya yi gewaye biyu a sama ya dawo ya sauka can gefe. Hoton bai yi ba. Aka sake. Aka kuma sakewa. A na ƙarshe tsuntsayen ba su dawo ba, suka miƙe yamma har suka ɓace mini.

Na taso na same su na ce, “'Ya'yana, kun san daga ina waɗannan suka fito?” Mai kyamarar ya ce, “Baba, ai ba mu taɓa ko ɗaya ba, tashi kawai suka yi. Tsuntsu ai don tashi aka yi shi.” Ba rashin kunya ya yi mini ba, iyakar abin da ya sani ke nan. Na zaunar da su na yi musu bayanin da na yi a sama, kuma na ga jikinsu ya yi sanyi. Amma amsar tasa ta tsaya mini a rai, domin ita ce tushen matsalar: muna ganin in ba a zub da jini ba, ba a yi ɓarna ba. Tashi shi ne aikin da ya fi cin ƙarfin tsuntsu, kuma tashin firgita ya fi kowane tsada. Bayan ƙarfin da ya ƙone, ya yi asarar lokacin ci, ya bar wurin da ya zaɓa don abinci ya koma inda bai kai shi ba, watakila inda shaho ke jira. Dama makiyayi da masunci da kare da shirwa suna tashinsa a yini ba adadi, waɗannan ba makawa, kowa neman abincinsa yake. Na mai hoto ne kaɗai ba dole a cikinsa. Kuma lissafin bai ƙare da kaka ba. Cikin Maris da Afrilu, lokacin da fadama ta bushe rana ta fi zafi, dole tsuntsun nan ya sake tara kitse a nan wurinmu don ya ƙetare hamada ya koma ya yi ƙwai. Wanda aka hana ci ba ya isa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya fi wannan muni. A hanyar Kware wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya tare ni da tsanwaka a hannu. Masu karatu sun san ta, shuɗiyar nan mai dogayen zare biyu a jela da ke zama bisa wayar lantarki tana faɗowa kan fara. An ɗaure mata ƙafa da zaren buhu, zaren ya ci fata har wurin ya kumbura. An fizge mata manyan gashin fiffike ɗaya don kada ta gudu. Bakinta a buɗe, tana haki, idonta rabi a rufe. Yaron ya ce da ni, “Baba, hoto za ka ɗauka ko saye? Hoto ɗari biyu na, saye ɗari biyat.” Na tambaye shi wa ya koya mashi wannan ciniki. Ya ce masu kyamara na zuwa, su aza ta bisa reshe, su ɓoye zaren bayan ganye, su ɗauka, su biya.

Yaranmu sun daɗe suna ɗana asuta da harbi da danƙo, mu ma mun tashi mun tarar ana yi. Yaro ya kama kurciya ya gasa ya ci, wannan wani abu ne daban, yunwa ce ko ƙuruciya. Amma ba a taɓa kama tsanwaka don kuɗi ba sai da mai saye ya zo. Duk wanda ya miƙa naira ɗari biyu don hoto, ya ba da odar a kamo wata gobe. Haka ma mai tausayin da ke saye don ya saki, domin yaro ba ya bambanta niyya, kuɗi ya gani. Tsuntsun da aka fizge wa fiffike ko an sake shi abincin kyanwa ne. Ga manomi kuma asara ce kai tsaye, don tsanwaka da balbela da shamuwa su ne ke rage mana fara da tsutsa ba tare da mun sayi magani ba. Ban da haka, tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2006, ba dabara ba ce a riƙa koya wa yara damƙar tsuntsayen daji da hannu. Wanda ke son ya taimaki yaron, ya biya shi don ya nuna mashi inda tsuntsu yake a sake. Yaran fadama sun fi kowane littafi sanin inda kirinjijiya ke kwana da lokacin da ɗinya ke sauka. In suka gane tsuntsu mai rai a kan reshe na kawo kuɗi kowane mako, wanda aka kama kuwa sau ɗaya ne, su da kansu za su tsare shi.

Mu a Sakkwato ba sai an ɗauko mana wannan tarbiyya daga waje ba. Malamanmu na karantar da hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, cewa suna cikin tafiya da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Uwar ta zo tana ta shawagi a kansu tana karkaɗa fiffike. Da Annabi ya dawo ya gani, ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali saboda 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Ba a yanka 'ya'yan ba, ba a ji musu ciwo ba. Tashin hankalin uwar kaɗai ya isa a tsawata. Ina roƙon limamanmu da malaman Islamiyya su riƙa tuna wa yara wannan, musamman a garuruwan bakin gulbi.

Wannan ya kawo ni kan sheƙa. Baƙin Turai ba sa yin ƙwai a nan, amma na gida na yi, kuma farkon rani ne lokacin ungulu. Waɗanda suka kai shekaruna sun san yadda ungulu ke cika mahauta da bayan kasuwa a Sakkwato, har ba mai ɗaga kai ya kalle ta. Yau sai ka yi wata da watanni ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa irin ungulun garuruwanmu cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa. Guba na kashe ta, ana sare manyan itatuwan da take sheƙa, kuma masu fataucin kayan tsibbu na sayen kanta da ƙafafunta da ƙwanta. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50. In aka hau itace ko aka tsaya a gindinsa aka daɗe har ta tashi, hankaka na nan kusa yana jira, rana kuma ba ta da sauƙi ga ƙwan da aka bari a buɗe. Shekara guda ta tafi ke nan saboda hoto ɗaya. Akwai kuma masu karya rassan da suka rufe sheƙar ƙananan tsuntsaye don haske ya shiga. Ganyen nan uwar ta zaɓe shi da gangan, shi ne inuwar 'ya'yanta kuma shi ke ɓoye su daga maciji da shaho.

Ko da an ɗauki hoton daga nesa ba a tayar da kowa ba, akwai sauran haɗari a wajen yaɗa shi. Saurayi ya ga sheƙar ungulu, murna ta kama shi, ya sa a Facebook ya rubuta sunan ƙauye da cewa ga ta a kan kukar da ke bayan makaranta. Ba masoya tsuntsu kaɗai ke riƙe da waya ba. Haka gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, amma yau ta fi yawa a gidajen masu hali da fiffike a yanke fiye da a daji. Wanda Allah ya nuna wa gauraka a sake, ya gode, ya ɗauki hotonsa daga nesa, in zai faɗi wuri ya tsaya a “Jihar Sakkwato”. Ya kuma kashe abin nan na waya da ke liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi. Akwai dokar tarayya ta 1985 kan fataucin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara, amma doka ba ta kwana a gindin kuka. Shirun wanda ya gani ya fi ta saurin aiki.

Sauran dabarun zamani ba zan daɗe a kansu ba. Kunna kukan tsuntsu a sifika don ya fito fili yaudara ce, yana jin kishiya ta shigo mashi gida, ya bar ci da gadin sheƙa ya fito faɗa da abin da babu. Haska wa mujiya ko yautai fitila mai ƙarfi da walƙiyar kyamara cikin dare na dushe mata gani a lokacin da take farauta. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi kuwa, in ya bi ta kan garken agwagi, shaho suke ɗaukarsa, tafki guda sai ya tashi.

Dole kuma in yi magana a madadin manoma, don su ne mutanena. Fadama ba daji ba ce, kowane taƙi da mai shi. Na ga an bi ta cikin fangalin albasa da aka dasa jiya, an tattake irin tafarnuwa, an rusa bakin kwalbatin ban-ruwa, duk don a matsa kusa da zalɓe. Mai gona ya zo ya tarar da sawun takalmi, gobe in ya ga mai kyamara sanda zai ɗauka, kuma da gaskiyarsa. A bi kan iyaka, a yi sallama, a nemi izini. Kafin a shiga bakin tafki a gaida hakimi ko mai gari da Sarkin Ruwa, a faɗi abin da ya kawo mutum. A halin da gabashin jihar nan ke ciki, baƙon fuska da ke leƙe-leƙe da madubin hangen nesa yana jefa kansa cikin zargi, yana kuma tsorata mutanen da dama a tsorace suke. Wuraren da mutanen gari suka ce kada a je, kada a je. Sannan bakin gulbi wurin wanki ne da wanka na mata da yara. Kyamarar da ke jawo tsuntsu daga nesa tana jawo mutum ma. A kawar da ita.

Kada kuma masu son tsuntsaye su raina kukan manomi a kan jan-baki. Wanda bai taɓa tsayuwa a gonar shinkafa tun asuba yana kaɗa gwangwani, da shi da 'ya'yansa, sannan ya ga garke ya sauka ya cinye wahalar wata huɗu ba, bai san zafin abin ba. In ka ce da wannan mutum tsuntsu abin tausayi ne, sai ka fara nuna mashi ka san bambancin jan-baki da sauran. A nan masu kyamara za su yi amfani na gaske. Hoto mai kyau zai nuna wa manomi da jami'i cewa matattarar da ake shirin yi wa feshi ta jan-baki ce ko ta wasu ce, domin maganin da jirgi ke zubawa ba ya tambayar suna, yana kashe shirwa da mujiya da duk abin da ya ci gawar.

Samari za su ce, Baba, mu waya gare mu, ba ta jawo nesa, in ba mu matsa ba ba za mu sami komai ba. Gaskiya ne kayan aikin na da tsada. Amma matsawa ba ta ba da hoto, korar tsuntsu take yi. Abin da ke ba da hoto zama ne. Ka fito da sassafe rana na bayanka, ka sa tufa marar haske, ka sami gindin itace ko bakin kunya ka zauna ka yi shiru. Ka tafi inda Fulani ke shayar da shanu. Cikin rabin awa ɗan mai rawayan cikin nan zai manta da kai. Za ka gan shi yana gudu tsakanin kofatai, saniya ta taka ciyawa ƙwaro ya tashi, ya yi tsalle ya cafke, ya tsaya ya kaɗa jela, ya goge baki a ƙasa hagu da dama, ya sake bin wata. Yakan matso har ka ga farin layin da ke gefen jelarsa da ɗan siririn farcensa na baya. In kuna da madubin hangen nesa ko guda ɗaya ne a tsakaninku, ɗora idon waya a kan idonsa, za ka yi mamakin abin da zai fito. Ma'aunin kuwa tsuntsun ne ke ba ka shi. Muddin yana ci ko yana gyaran gashi, kana inda ya dace. Da ya daina, ya miƙe wuya, ya juyo da ido ɗaya yana kallonka, ka kai iyaka, ja da baya. In ya tashi saboda kai, ka wuce gona da iri.

Kuma ba dole kowace fita ta ƙare da hoto ba. A Nijeriya an ga tsuntsaye iri fiye da 900. Tun ƙarshen 2015 ake wani aiki na zana taswirar inda kowane iri yake a ƙasar nan, ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos, kuma masu sa kai ne ke yin sa, kowa ya rubuta abin da ya gani a yankinsa ya aika ta waya. Dausayin Haɗeja da Nguru ya yi suna a duniya har aka sa wani ɓangarensa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare muhimman dausayoyin duniya a shekarar 2000, saboda an sami waɗanda suka zauna shekara da shekaru suna ƙirga abin da ke sauka. Fadamar Rima ma tana buƙatar masu ƙirga nata. Ɗalibin da ya riƙe littafi yana rubuta ranar da shamuwa ta tafi da ranar da agwagin farko suka sauka a Kware, shekara biyar a jere, ya tara abin da za a iya kai wa hukuma a ce ga dalilin da zai sa kada a cike wannan tafki.

A ƙarshe, Malam Edita, kai ma da naka. Jaridu da masu shirya gasar hoto su ne ke nuna wa samari irin hoton da ake yabo. Ina roƙon duk hoton tsuntsu da aka aiko maka, a tambayi mai shi yadda ya ɗauka. Wanda aka ga tsuntsu a hannu, ko 'ya'ya a sheƙa da baki buɗe ba uwa kusa, ko mujiya da tsakar rana a kan reshen da ba ganye, a ajiye shi kada a buga. Kada a buga sunan ƙauyen da aka ga ungulu ko gauraka. Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya na faɗowa Asabar ta biyu a watan Mayu da ta biyu a watan Oktoba. In jaridarka za ta ware shafi ɗaya a ta Oktoba don hotunan da yaranmu suka ɗauka a fadamun Sakkwato da Kebbi da Zamfara bisa waɗannan sharuɗɗa, ni da wasu tsofaffin abokan aikina a shirye muke mu raka ɗalibai Kwalkwalawa mu nuna musu wuraren zama, mu kuma gabatar da su ga masu gonakin.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya ba mu kaka mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Runjin Sambo, Sakkwato.